Awon kitsen hanta da FibroScan a Yamai: abin da na'urar take gani da inda take ɓata

Mutane da yawa a Yamai ba sa sanin hantarsu ta tara kitse sai ranar da suka je eko na ciki don wani abu dabam, ciwon gefe ko tsakuwar ƙoda, mai hoton ya ƙara layi ɗaya a ƙasan takarda cewa hanta ta yi haske fiye da kima. Daga nan sai likita ya ce a je a yi FibroScan. Awo ne mai kyau, babu allura, babu zafi, cikin minti 10 an tashi. Amma lambobi biyu yake bayarwa, ta kitse da ta taurin hanta, kuma ta kitsen da mutane suke biyan kuɗi don su gani ita ce mai rauni a cikinsu.

Eko na yau da kullum da ido ake karanta shi. Mai hoton yana kwatanta hasken hanta da na ƙodar dama: idan hanta ta fi ƙoda fari, jijiyoyin cikinta sun dushe, bayanta ya yi duhu, sai ya ce akwai kitse. Wannan yana aiki idan kitsen ya yi yawa. A likitance kuwa ana cewa hanta tana da kitse tun daga lokacin da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta suka ɗauki kitse, alhali ido a kan eko ba ya kama shi da tabbaci sai ya kai wajen kashi 20 zuwa 30. Tsakanin nan akwai mutane da yawa da ake ce wa lafiya lau. Sannan mutum biyu za su dubi hanta ɗaya, wannan ya ce kaɗan ne, wancan ya ce matsakaici, wani lokaci ma don kawai sun murɗa maɓallin haske dabam. Ba a iya bin ciwo shekara da shekara da irin wannan.

FibroScan na kamfanin Echosens ne na Faransa. Ya fito a 2003 don auna taurin hanta, aka ƙara masa awon kitse, wanda ake kira CAP, a 2010. Dabarar awon kitsen ba ta da wuyar fahimta. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji cikin hanta, ta auna yadda ƙarfinsa yake raguwa yayin da yake nitsewa. Kitse yana cinye sautin fiye da lafiyayyen nama, kamar yadda hasken fitilar mota yake mutuwa kusa a daren da ƙurar hunturu ta sauka a hanyar Doso. Wannan raguwar ce ake rubutawa da dB/m, daga 100 zuwa 400. A daidai wannan lokaci kan na'urar yana ɗan bugun fata, ya aika girgiza mai 50 Hz cikin hanta, a auna saurinta. Hanta mai tauri tana wuce da girgiza da sauri, ana rubuta wannan da kPa, har zuwa 75. Yankin da ake aunawa ya kai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 4, wato kusan ninki 100 na ɗan naman da allurar biyopsi take tsakurowa. Wannan babbar fa'ida ce, don kitse da tabo ba sa bazuwa daidai wa daida a cikin hanta.

Yadda ake yin shi daidai yana da muhimmanci fiye da sunan kilinik ɗin, kuma mara lafiya da kansa zai iya lura da shi. Ana zuwa ba a ci komai ba aƙalla awa 3. Shayi mai sukari abinci ne, haka fura, haka kunu, haka lemun kwalba. Kurɓin ruwa ba ya hanawa. Dalili shi ne bayan cin abinci jini yana kwarara zuwa hanta ta babbar jijiyar hanji, hantar ta cika ta ɗaure, lambar tauri ta hau ba tare da wani tabo ba. A watan azumi wannan sharaɗin ya zo da sauƙi, wanda ya yi sahur ya zo da hantsi ya riga ya cika shi.

Mutum zai kwanta rigingine, ya buɗe gefen dama, ya ɗaga hannun dama ya sa bayan kai, a ɗan karkata jiki zuwa hagu don haƙarƙari su buɗe. Mai awon zai nemi gurbi tsakanin haƙarƙari, galibi na 9 zuwa na 11, a layin da ya sauko daga hammata, ya shafa jel, ya dafa kan na'urar a tsaye cak a kan fata, ba a karkace ba. A allon akwai alamar da take nuna ko dannawar ta yi daidai, ba ta yi yawa ba, ba ta yi kaɗan ba. Za ka ji ya ce, “Baba, a saki jiki, kar a yi magana,” sannan ka ji ɗan bugu kamar an ɗalle ka da yatsa. Kowane bugu yana fito da hoto mai layi a karkace a allo. Idan layin ya fito miƙaƙƙe, awon ya karɓu. Idan ya rabu biyu ko ya lanƙwashe, an taɓa ƙashin haƙarƙari ko babbar jijiya, sai a sake. Ana buƙatar karɓaɓɓun bugu 10 a wuri ɗaya. Mai awon da yake ta yawo da kan na'ura daga gurbi zuwa gurbi yana neman lambar da ta yi masa daɗi ba aikin kirki yake yi ba.

Batun kan na'ura shi ne abin da za a tambaya tun kafin a biya. Akwai kan M, mai 3.5 MHz, da yake auna zurfin milimita 25 zuwa 65 daga fata. Akwai kan XL, mai 2.5 MHz, da yake auna milimita 35 zuwa 75. Idan kaurin da ke tsakanin fata da hanta ya wuce milimita 25, kan M zai fara lissafi tun yana cikin kitsen gefen ciki, bai ma shiga hanta ba. Sakamakon sai ya fito da lambobi masu yawa na ƙarya, ko na'urar ta ƙi karɓar bugun gaba ɗaya. To masu kitsen hanta kuwa yawancinsu masu jiki ne. Kowane kai sayensa ake yi dabam, yana da tsada, kuma yana buƙatar a mayar da shi a daidaita shi lokaci zuwa lokaci, shi ya sa ba ko'ina ake samun biyun ba. Wurin da yake da kan M kaɗai ya isa ga siririn mai ciwon hanta na B, amma bai isa ga Hajiya mai kilo 105 ba. Tambayar a fili take: kuna da kan XL? Yaushe aka daidaita shi na ƙarshe? Wurin da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya.

Takardar sakamako shafi ɗaya ce. A sama akwai manyan lambobi biyu, CAP ta kitse da E ta taurin hanta. Kowace ba matsakaicin lissafi ba ce, lambar tsakiya ce cikin bugun da aka yi. Kusa da su akwai ƙananan lambobi da mutane ba sa kallo, alhali su ne shaidar ingancin aikin. A gefen E akwai IQR/Med, wanda yake nuna yadda bugun suka warwatsu. Ana so kada ya wuce kashi 30 cikin 100, musamman idan lambar taurin ta yi sama. A gefen CAP ma akwai IQR, wanda idan ya wuce 40 dB/m ana ɗaukar lambar da shakka. Sababbin na'urori suna tara awon kitse a jere, ɗaruruwa, maimakon 10 kawai, wannan ya rage warwatsuwar. Takarda kuma dole ta nuna wane kai aka yi amfani da shi da adadin bugun da suka karɓu. Idan an ba ka rubutun hannu kawai, “kitse mataki na 2”, babu waɗannan, ka nemi a buga maka ainihin shafin na'urar.

Yanzu ga raunin lambar kitse. A biyopsi ana raba kitse mataki huɗu: S0 ƙasa da kashi 5, S1 daga 5 zuwa 33, S2 daga 34 zuwa 66, S3 sama da 66. Kowa yana so CAP ta faɗi matakin kai tsaye. Wani babban nazari na 2017 da ya haɗa sakamakon marasa lafiya daga ƙasashe da dama ya ba da iyakoki 248, 268 da 280 dB/m, kuma su ne aka fi gani a takardu. Dubi tazarar: tsakanin S2 da S3 maki 12 ne kacal, alhali mutum ɗaya, a rana ɗaya, a hannun masu awo biyu, zai iya samun bambancin da ya fi haka. Ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta ɗauki 275 a matsayin iyakar cewa akwai kitse, ta Amurka ta ɗauki 288, wani nazarin da aka yi a Ingila kan masu kitsen hanta ya kai iyakar farko sama da 300. Ƙiba da ciwon sukari su kansu suna ɗaga lambar. Saboda haka abin da CAP take iya faɗa da gaskiya shi ne: ƙasa da 240 da wuya a ce akwai kitse mai yawa, sama da 290 kusan tabbas akwai, tsakanin nan sai a haɗa da sauran alamu. Raba S2 da S3 da ita kuwa, mu ba mu ba shi nauyi ba. Wanda aka ce masa 310 bara, bana 298, kada ya yi walima, kada kuma wanda ya tashi daga 298 zuwa 310 ya hana kansa barci.

Ko da an san matakin daidai, yawan kitse ba shi ne yake nuna wanda hantarsa za ta lalace ba. Tabo ne yake nunawa. Kitse yana iya zama shekaru bai yi komai ba, a wasu kuma yana jawo kumburi, kumburi ya bar tabo, tabo ya taru har hanta ta ƙeƙashe, abin da likitoci ke kira siroz. Akwai ma abin da yake rikita mutane: idan hanta ta kai ga ƙeƙashewa, kitsen yakan ragu. Sai a ga CAP ta sauka, mutum ya yi murna, alhali lambar da ke kusa da ita ta hau. Shi ya sa E ce ake fara karantawa. Ga mai kitsen hanta, ƙasa da 8 kPa yana nufin da wuya a samu tabo mai zurfi. Daga 8 zuwa 12 wuri ne na shakka, a sake awo ko a ƙara wani gwaji. Sama da 12 sai likitan hanta. Sama da 15 ana ɗauka ciwon ya yi nisa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma daga 20 zuwa 25 ana fara tunanin jijiyoyin maƙogwaro da suke kumbura su fashe. A nan na'urar ta fi ƙarfi wajen cewa babu, ba wajen cewa akwai ba: lamba ƙasa da 8 abin dogaro ce sosai, lamba ta 10 kuwa sau da yawa takan sauka idan an sake.

A Nijar ba a karanta wannan lambar ba tare da sanin matsayin ciwon hanta na B ba, don yana da yawa a ƙasar, kuma da dama masu ɗauke da shi ba su sani ba. Gwajin jini na AgHBs, wanda yake gano shi, yana da sauƙi, a yi shi kafin FibroScan ko tare da shi. Ga mai B iyakokin dabam ne: ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ta ce sama da 7 kPa tabo ne da ya isa a fara magani, sama da 12.5 kuma a ɗauke shi siroz. Mutum mai 7.6 kPa, idan kitse kawai gare shi, za a ce ya rage nauyi ya dawo. Idan yana da B, maganar tenofovir, maganin B, ta taso. Lamba ɗaya, hukunci biyu.

Abubuwan da suke ɗaga lambar tauri ba tare da tabo ba suna da yawa, kuma mai awon ba zai san su ba idan ba a faɗa masa ba. Hanta mai sabon kumburi, wadda ALAT ɗinta, sinadarin hanta da ake aunawa a jini, ya ninka iyaka sau 5 ko fiye, tana tauri na ɗan lokaci, don haka ba a awo a tsakiyar shawara, a jira ta lafa. Toshewar hanyar matsarmama tana yin haka. Ciwon zuciya da yake sa jini ya taru a hanta, mai kumburin ƙafa da haki, yana iya kai lambar sama da 20 alhali matsalar ba a hanta take ba. Shan giya a kwanakin da suka gabata ma haka, kuma gara a faɗa wa likita a asirce da a bar shi ya yi lissafi a kan ƙarya. Idan akwai ruwa a ciki kuwa, girgizar ba ta ratsa ruwa, awon ba zai yiwu ba sam, bai kamata ma a karɓi kuɗin ba. Mai ciki da mai na'urar bugun zuciya su faɗa tun a bakin ƙofa. Sai magunguna: dexamethasone da ƴan'uwansa, waɗanda ake sayarwa a matsayin maganin ƙara ƙiba, sha ka fashe, suna tara kitse a hanta kuma suna tayar da sukari. Matan da suke sha ba sa lissafa shi cikin magani idan an tambaye su, sai an ambaci sunansa.

Babban abin da FibroScan ba ya yi shi ne hoto. Ba ya ganin ƙari, ba ya ganin tsakuwa, ba ya ganin saifa. Mai siroz ko mai B da likita ya sa wa eko duk wata 6 don neman ciwon daji tun yana ƙarami, kada ya ce ya yi FibroScan ya wadatar. A nan ne manyan injinan eko na zamani suke da abin faɗa, don yanzu suna ɗauke da nasu awon kitsen: ATI na Canon, UGAP na GE, UDFF na Siemens wanda yake ba da amsa kai tsaye da kashi cikin 100. Fa'idarsu ita ce mai awon yana ganin hantar, ya ɗora akwatin awo inda babu jijiya, a zama ɗaya a yi hoto a yi lamba. Matsalarsu ita ce kowane kamfani da ma'auninsa. ATI da dB/cm/MHz ake rubuta shi, lambobi irin 0.6 ko 0.7, ba a juya su zuwa CAP. Kuma shirin awon sayensa ake yi dabam da injin, don haka ganin babban inji a ɗaki ba ya nufin yana da shi. Wanda ya fi duka daidai wajen kitse shi ne IRM, hoton maganaɗisu, amma tsadarsa ba ta sa a yi shi don wannan kaɗai.

To wa ya kamata ya biya? Ba kowa ba. Kusan kashi 30 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna da kitsen hanta, a cikin masu ciwon sukari kuma ya fi rabi, ba za a jera su duka a gaban na'ura ɗaya ba. Tun 2023 da aka sauya wa ciwon suna zuwa MASLD, ana haɗa shi da alamu biyar: ƙiba ko ƙugu sama da santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, sukarin safe daga 1 g/L, hawan jini daga 130/85, tirigiliserid, wato kitsen jini, daga 1.5 g/L, da ƙarancin HDL, kolesterol mai amfani. Mai waɗannan ya fara da lissafin FIB-4, wanda ba ya buƙatar komai sai shekaru da analiz uku da kowane labo yake yi: ASAT, wanda shi ma sinadarin hanta ne, ALAT da plaket, wato ƙwayoyin da suke daskarar da jini. Ana ninka shekaru da ASAT, a raba da plaket da aka ninka da tushen ALAT. Misali mai shekara 52, ASAT 40, ALAT 49, plaket 200,000: 52 sau 40 ya ba da 2080, tushen 49 shi ne 7, plaket a dubbai ake sa shi, wato 200, 200 sau 7 ya ba da 1400, amsa 1.49. Ƙasa da 1.3 ba a buƙatar FibroScan yanzu, a sake lissafin bayan shekara 1 zuwa 3. Ga wanda ya haura 65 iyakar 2.0 ce. Daga 1.3 zuwa 2.67, kamar mutumin misalinmu, nan ne kuɗin awon yake biyan kansa. Sama da 2.67 a wuce wurin likitan hanta kai tsaye, shi zai tsara sauran.

Wannan lissafin ya fi amfani ga na nesa. Mai tasowa daga Tawa zai yi tafiyar fiye da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ga kuɗin mota, ga masauki, ga jikkunan awon. Ya yi analiz ɗinsa a gida, likitansa ya lissafa, idan lambar ta ce a zo sannan a zo. In za a zo, a kira a tabbatar na'urar tana aiki kuma mai awon yana nan a ranar, a nemi layin safe, a kwana a Yamai maimakon a sauko daga mota a gajiye bayan an ci tsire da shayi a hanya. A riƙo takardun analiz da na eko na baya da kwalayen duk maganin da ake sha, har na gargajiya.

Bayan sakamako, abin da yake sauke kitse sananne ne kuma ana iya auna shi da sikeli. Rage kashi 3 zuwa 5 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi, kashi 10 zuwa sama yana iya mayar da tabo baya. Ga mai kilo 90 wannan yana nufin kilo 4.5 a matakin farko, kilo 9 a na ƙarshe, a hankali cikin watanni, ba da yunwar mako biyu ba. Wuri mafi saurin kamawa shi ne abin sha: sukarin shayi zagaye uku sau biyu a rana, lemun kwalba, bisab da lemun citta masu zaƙi, furar da aka cika wa sukari. Sai tudun shinkafa da burodi da dare. Tafiya da sauri minti 150 a mako, wato minti 30 kwana biyar, bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya a watannin zafi, tana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa sosai ba. Maganin farko da aka amince da shi don wannan ciwo, resmetirom, ya fito a Amurka a Maris 2024, kuma na masu tabo matsakaici zuwa mai zurfi ne, ba na duk mai CAP 300 ba. Jiƙe-jiƙen wanke hanta kuwa wasunsu su ne suke tayar da ALAT.

Sake awo kafin wata 6 ɓarnar kuɗi ne, sai dai idan na farkon an yi shi cikin kumburi ko bayan cin abinci. Ga yawancin mutane shekara 1 zuwa 3 ya isa, gwargwadon lambar tauri da ciwon sukari. Idan za a sake, a koma kan irin na'urar da aka yi na farko, da kai iri ɗaya, M ko XL, da azumin awa 3 iri ɗaya, a kuma rubuta nauyin jiki da awon ƙugu na ranar a bayan takardar, don likitan da zai kwatanta biyun zai tambaye su.